TAKALMIN HAGU

Shafi na 19

Masu hana ni sakat da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar min wayata ta huta. Wanda ya faɗo yau kuwa ya riƙe wannan: Gwaggo Tela ɗanta na fari ya rasu, Mai Zane, wanda ya ƙirƙiro Dunduniya, jarumin littattafan zane mai gajeruwar ƙafar hagu irin tasa. Wani kamfanin katun ya karɓi littattafan zai mai da su fim. Yau aka kira iyalansa su ga abin da aka yi kafin a sake shi.

*

Tun daga bakin ƙofa Gwaggo Tela ta ji wurin bai kwanta mata ba. Wata yarinya mai farce kamar na shaho ta rataya mata kati a wuya, ta ce ba a shiga sai da shi. Gwaggo ta tambaye ta ko tunkiya aka kawo da za a ɗaura mata igiya. Yarinyar ta yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ta nuna musu hanya.

Mijinta, Tsohon Direba, yana can gaba cikin rigar da ita ta ɗinka masa saboda wannan rana. Haka yake tun fil azal, ba ya jerawa da kowa. Da can in an fita da yara, shi yana gaba, ita tana baya da Mai Zane suna tafe a hankali. Kullum takan ce tsawon ƙafa ne ya yi masa yawa.

Auta bai biyo su ba. Ya ce zai same su a can, domin tun da aka fara aikin nan kamfanin ya ɗauke shi yana ɗan taimaka musu. Wane irin taimako ne, bai taɓa faɗa ba, ita ma ba ta matsa ba.

Darakta, mai ba da umarnin fim ɗin, ya tare su da hannu bibbiyu. Saurayi ne mai gemu a gyare da gilashi, irin masu sa "Mama" a farkon magana da tsakiyarta da ƙarshenta. Ya zaunar da su a kujerun gaba, ya ce yau za ta yi alfahari da ɗanta. Ma'aikata suka cika bayan ɗakin, kowa da kofi a hannu. Sanyin ɗakin har cikin ƙashi, ta ja mayafi ta rufe gwiwoyinta. Aka kashe fitila.

Gwaggo ba ta karatu, ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Amma littattafan nan babu shafin da ba ta haddace ba, domin a gefen teburin ɗinkinta aka zana su. Tana taka keke yana zane, in allinta ya ɓace a aljihunsa take samu. Ta san Dunduniya kamar ita ta haife shi. Siriri ne, kafaɗarsa ɗaya a karkace, ƙafar hagu cikin wani jibgegen takalmi. Ba ya gudu, ba ya tashi sama. Kullum shi ne na ƙarshen isowa wurin faɗa, amma in ya iso ya buga takalmin nan a ƙasa, sai titi ya tsage, miyagu su zube kamar an kakkaɓe tabarma.

Abin da ya fito a bango kuwa, wani ƙato ne mai ƙirji kamar ƙofar wadirob da ƙugu irin na zanzaro. Ƙafafu biyu santala-santala, babu wadda ta fi wata. Ya falla da gudu, ya daka tsalle, ya lula cikin gajimare.

Ta zunguri mijinta ta tambaye shi wannan ɗan gidan waye.

Ya ce ta yi shiru ana kallo.

Ta yi shiru. Ta ce a ranta wataƙila mafarki Dunduniya yake yi, yanzu zai farka ya sa takalminsa. Bai farka ba. Ya ci gaba da shawagi yana murmushi da haƙora jere kamar maɓallan riga.

Sai hoton ya koma wani lungu mai duhu, kiɗa ya sauya. Kafin ta ga komai, sauti ne ya fara zuwa.

Ƙwas. Shaaa. Ƙwas. Shaaa.

Hannunta ya damƙe hannun kujera. Wannan sautin ko a kabari aka yi mata shi za ta ɗago kai. Shi ne yake gaya mata Mai Zane ya dawo tun yana bakin layi, shi ne yake sa ta sauke ƙafa daga keke ta ɗora masa ruwan wanka.

Murfin kwata ya ɗaga. Sarkin Kwata ya fito, mugun labarin.

A littafi Sarkin Kwata kyakkyawa ne, dogo, cikin fararen kaya, tafiyarsa tsaf kamar an auna da tef. Ta taɓa tambayar Mai Zane don me ya yi mugu da kyau haka, ya ce ai duk waɗanda suka taɓa yi masa dariya a hanya kayansu a goge suke. Amma wannan na bango wani abu ne kore-kore, jiki na ɗigar da ruwan kwata, ƙudaje na bin sa, yawu na zuba ta gefen baki. Kuma yana ɗingishi.

Ba ɗingishin kowa ba. Ya sauke kafaɗar hagu, ya dafa cinya da tafin hannu, ya jawo ƙafar. Ya yi 'yan taku, sai ya tsaya ya shafa aljihun ƙirji kamar mai neman wani abu, sannan ya ci gaba.

Gwaggo ta matso bakin kujera ta ƙura wa bangon ido.

A bango ƙaton nan ya sauko ya hankaɗe Sarkin Kwata. Ya faɗi ta baya, ƙafafu a sama, takalmin ya cire ya yi ta juyi a iska. Ma'aikatan baya suka kwashe da dariya, wani har yana buga cinya. Takalmin ya faɗo daidai gaban allo, ya cika bangon gaba ɗaya: ƙasansa mai kauri na tsohuwar taya, da faci a wajen ɗan yatsa, an ɗinke shi da jan zare, ɗinkin a karkace.

Ita ta yi ɗinkin nan. Ranar baƙin zare ya ƙare mata, allura kuma ta karye a tsakiya, Mai Zane yana tsaye a kanta yana cewa ta yi sauri zai makara. Takalmin nan ne ta ajiye ƙarƙashin gadonta bayan rasuwarsa, ta wayi gari babu shi. A kansa ta yi wa maƙwabciyarta tatas a gaban mutane, har yau ba sa ga maciji.

Ta miƙe. Inuwarta ta rufe rabin bangon.

"A kunna fitila."

Mijinta ya ja gefen mayafinta. Ta fizge.

"Na ce a kunna fitila. Ko kurame aka tara a ɗakin nan?"

Aka kunna. Dariya ta ɗauke kamar an zare waya. Darakta ya taho yana murza hannu, yana tambayar ko sanyin ne ya dame ta.

"Ina ƙafar Dunduniya?"

Ya gyara gilashi ya fara bayani, irin bayanin da ake yi wa yaro a hana shi kuka. Wai littafi daban, fim daban. Abin da ya zauna a takarda ba lallai ya zauna a allo ba. Wai yara suna son jarumi mai sauri. Sannan akwai maganar 'yan tsanar roba da za a ƙera a sayar tare da fim ɗin: sun gwada mai gajeruwar ƙafa, an ɗora shi a kanta, ya ƙi tsayuwa, da an saki sai ya kife.

"Ya ƙi tsayuwa," in ji Gwaggo.

"Wallahi Mama, mun gwada ba sau ɗaya ba."

"Shi mai ƙafar ya tsaya. Tun daga yarinta har ranar da aka ɗauke shi a tsaye yake, bai taɓa kifewa don an sake shi ba. Robarku ce ta kasa, sai kuka yanke hukunci a kan ɗana?"

Wata a baya ta ajiye kofinta a hankali.

Gwaggo ta ce to ta ji, sun miƙe wa jarumi ƙafa. Me ya kai tafiyar jikin wancan ƙazamin?

Nan fa Darakta ya faɗi maganar da ta sa ta ji kamar ta tofar da yawu a kan kafet ɗinsu. Wai sun riga sun ɗauki tafiyar a na'ura tun farko, ta yi kyau ƙwarai, an sha wahala a kanta. Da aka fasa ba jarumi, sai suka ga asara ce a zubar. Su a sana'arsu ba a zubar da aiki mai kyau, wuri ake sake masa.

"Kamar ragowar yadi," ta ce.

"Yauwa Mama, kin gane ke nan."

"Na gane. Ni ma ina da ragowar yadi. Amma ban taɓa yanko rigar mamaci na yi tsumman goge ƙasa da ita ba."

Ba ta ba shi damar numfasawa ba, ta ɗora:

"Wa ya yi muku tafiyar?"

Ya ce kwamfuta ce take haɗa komai.

"Kwamfuta." Ta matso har tana jin ƙamshin turarensa. "Kwamfutar ce ta san ɗana yana tsayawa ya shafa aljihu? Ka san abin da yake nema a aljihun? Babu. Ƙugunsa ne yake masa ciwo, ba ya son a gane hutawa yake, sai ya yi kamar fensirinsa yake dubawa. Abokansa ba su sani ba. Masu sayen littafinsa ba su sani ba. Wanda ya san wannan a tukunyata ya ci. Waye?"

Darakta ya waiga bayansa kamar amsar tana jikin bango.

Ba ta jira shi ba. Ta tsinke katin wuyanta ta yar, ta fita ta bi dogon baranda tana tura ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗaki samari ne jere da abu a kunne, kowa ya ƙura wa kwamfuta ido. A allon ɗaya daga cikinsu ta ga Sarkin Kwata babu fata, ƙasusuwan zare kawai, yana ɗingishi yana komawa, yana ɗingishi yana komawa, ba hutu. Ta ja ƙofar ta rufe da ƙarfi. Wancan ɗaki kanta ce cike da 'yan tsanar roba, duk sun turo ƙirji, duk a tsaye ƙyam. Darakta yana biye da ita yana "Mama, Mama, nan ba a shiga". Ta ce ai ƙarƙashin gadonta ma ba a shiga, aka shiga.

Ƙofar ƙarshe mai nauyi ce. Ta sa kafaɗa.

Ɗaki ne kore shar, bango da ƙasa, kyamarori a kowace kusurwa, katifa shimfiɗe a tsakiya. A gefe kan wani ɗan teburi, ga takalmin nan ƙarƙashin fitila, an manna masa wata 'yar takarda kamar kayan gwanjo.

A gefen katifar kuma mutum ne tsaye cikin baƙar riga mai manne wa jiki tun daga wuya har idon sawu, an liƙa mata farare-fararen ƙwallaye kamar ƙwan ƙadangare, a gwiwa, a kafaɗa, a ƙugu. Ya juyo.

Auta ne.

"Umma."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, a hankali, yadda take duban yadin da aka kawo mata ta san na bogi ne.

"Wannan ne taimakon?"

Ya sa hannu yana neman rufe ƙwallayen ƙirjinsa, kamar su ne tsiraicin.

Ta tambayi katifar ta mece ce. Wani mai kyamara da bai san dawan garin ba ya ce ta faɗuwa ce, akwai wata faɗuwar Sarkin Kwata da ba ta ba da dariya sosai ba, ita za a sake ɗauka yau.

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta tuna wa Auta cewa a duk rayuwarsa sau ɗaya ta taɓa dukansa da tef ɗin awo, yana ƙarami, ranar da ta leƙo ta same shi a bayan yayansa yana kwaikwayon tafiyarsa, yaran layi suna dariya. Kuma yayan ne ya riƙe mata hannu ya ce ta bar shi, yaro ne.

"Ashe ba ka daina ba. Gwanancewa ka je ka yi."

"Umma, ki saurare ni."

"Yi."

"Umma..."

"Ka yi wa bare, ka yi wa kyamara, ka yi wa masu dariya da kofi a hannu. Yi a gabana. Daga nan zuwa bangon can."

Ya ce ba zai iya ba. Ta ce ita kuwa ba za ta fita daga ɗakin nan ba sai ta gani, ko da za a kira mata 'yan sanda.

Auta ya sunkuyar da kai. Sannan kafaɗarsa ta hagu ta sauka. Tafin hannunsa ya sami cinya. Ya jawo ƙafar.

Ɗakin ya ɓace wa Gwaggo. Babu kore, babu kyamara, babu ƙwan ƙadangare. Ɗanta ne yake tafe daga bakin layi da jakar takardu a kafaɗa. Ya tsaya, ya shafa aljihu. Sai ta ji bakinta yana shirin cewa sannu da dawowa.

Da ya kai bango ya miƙe, ya koma Auta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, a can ƙasan zuciyarta so take ta ce ya ƙara. Ta ji ƙyamar ɗakin, ta ji ƙyamar rigar, ta ji ƙyamar idanunta da suka yi kwaɗayi.

Auta yana kuka ba sauti. Ya ce shi Dunduniya ya yi wa. Da farko wani ɗan rawa suka ɗauko, yana karkace baki yana wutsil-wutsil da ƙafa kamar an taka kaza. Ya kasa jurewa, ya ce su bari shi zai yi, in dai tafiyar Yaya ce za ta shiga fim to ta shiga daidai, yaran da ke da ƙafa irin tasa su gan ta a jikin jarumi. Har aljihun ya sa, don ya san Yaya zai so a sa. Sai daga baya ya zo wata safiya ya ga an ɗauke ta an liƙa wa Sarkin Kwata.

"Da ka gani sai ka tuɓe rigar ka jefa musu."

"Na tuɓe, Umma."

"Ga ta kuwa a jikinka."

"An ce in mayar."

"In ji wa?"

Ya kafe ƙasa da ido.

Ta wuce shi ta je teburin. Ta ɓare 'yar takardar ta murje ta yar, ta ɗauki takalmin. Nauyinsa yana nan yadda ta san shi. Ta juyo ga Darakta ta gaya masa, ba da ɗaga murya ba, cewa fim ɗin nan ba zai fita da tafiyar ɗanta a jikin ƙazamin nan ba. Ko su mayar wa Dunduniya ƙafarsa, ko su goge ta gaba ɗaya su nemi tasu. In ba haka ba za ta ɗauki takalmin nan ta zauna da shi a ƙofar kamfaninsu, duk wanda ya zo wucewa ta nuna masa jan zaren, ta ba shi labari tun daga farko. Ba ta da boko, amma tana da baki, kuma keke ya koya mata zama.

Darakta ya share goshi. Yanzu "Mama" ta ragu a bakinsa. Ya ce aikin ya riga ya yi nisa, kuma su ba su yi komai a ɓoye ba, duk abin da aka canza sai da iyali suka amince.

"Wane iyali? Ni kujera ce a gidan?"

"Maganar 'yan tsana ma daga baya ta zo," in ji shi. "Ba mu muka fara kawo batun miƙe ƙafar ba. Daga gidanku aka zo har ofishina aka roƙe ni. Aka ce an gaji da ganin abin a zahiri, kada a sake gani a bango."

Gwaggo ta dubi Auta.

"Da na tambaya yaya za mu yi da tafiyar da muka riga muka ɗauka," Darakta ya ci gaba, muryarsa tana ƙanƙancewa, "sai aka ce mu ba wa Sarkin Kwata. Wai dama da irinsu ta dace."

"Aka ce. Aka zo. Aka roƙa. Shi wannan Aka ba shi da fuska?"

Idon Darakta ya zame ya wuce kafaɗarta, idon Auta ma ya bi.

Kafin ta juya ta riga ta fara lissafi. Ɗakin kwananta ba ya zama a buɗe. Auta rabonsa da shiga tun yana ƙarami. Maƙwabciyar da ta ci wa mutunci ko labulen ba ta taɓa ɗagawa ba. Mutum ɗaya ne bayan ita ya san abin da ke ƙarƙashin gadon nan, domin a kansa yake kwana.

Ta juya.

Tsohon Direba yana tsaye a bakin ƙofa cikin rigar da ta ɗinka masa, katin kamfani na lilo a ƙirjinsa. Mutumin da kullum yake gaba in an fita, wanda ta yi shekaru tana cewa tsawon ƙafa ne.

Bai sunkuyar da kai ba.

"Ba a nan ba," in ji shi. "Mu je gida."

Gwaggo Tela ta gyara riƙo, ta kama takalmin ta wuyansa, ƙasan tayar yana kallon waje.

"Auta," ta ce, "rufe ƙofar nan."